Allura Ta Goma Sha Biyu

"Tsaya! Kada ki ƙara taku ɗaya!"

Ƙafata ta dama tana bakin ƙofar ɗakin hoton, ta hagu tana waje. Na waiwaya. Dokta Moen ce, likitar da ke duba ni, take tahowa da gudu tana ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Ja da baya, Sunniva. A hankali... yauwa. Zo nan wurina."

Ma'aikacin da ke riƙe da ƙofar ya ce, "Dokta, ai mun cire mata komai. 'Yan kunne, sarƙa, har maƙalin gashi."

"Akwai wanda ba ku cire ba," in ji ta tana haki. "Rufe ƙofar nan!"

Shekara shida ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda jiki ke juyowa ya yaƙi gaɓoɓinsa. Kullum da safe sai na jiƙa yatsuna a ruwan ɗumi kafin in iya riƙe alƙalami in tafi makarantar firamaren da nake koyarwa. A wannan hunturun aka yanke shawarar canja mini magani. Kafin a fara sabon, dole a ɗauki hoton ƙirji a tabbatar babu tarin fuka, sannan a duba ƙashin wuyana a cikin babbar na'urar nan mai mayen ƙarfe. Da yake daga tsibiri nake zuwa, sai aka haɗa mini su rana ɗaya, ƙirji da safe, wuya da azahar.

Dokta Moen ta zaunar da ni a ofishinta, ta juyo mini da fuskar kwamfuta.

"Ba tarin fuka. Huhunki lafiya lau. Amma dubi nan."

Na duba. Kusa da inuwar zuciyata akwai wani farin zare, siriri, miƙaƙƙe, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Wani abu kamar hazo ya kewaye shi. Ta ƙara girman hoton. A can ƙarshen zaren sai ga wata 'yar kafa.

"Allura ce," ta ce. "Ta ɗinki."

Na yi dariya, domin ban san abin da zan yi ba.

"Dokta, ni da rabona da riƙe allura tun kafin hannun nan ya lalace?"

"Ba ta jiya ba ce. Naman da ya nannaɗe ta ya tsufa sosai. Da kin shiga ɗakin can, mayen ƙarfen zai iya fizgo ta, kuma kin ga inda take." Ta cire tabarau. "Ina zaton tun kina jaririya ta shiga. Dole in yi miki wata tambaya, ki yi haƙuri. Wa ya raine ki a watannin farko?"

"Mahaifiyata..."

Ban ƙarasa ba.

Babu wanda bai san labarin mahaifiyata Randi ba a tsibirinmu. Baƙuwa ce daga kudu, mahaifina ya auro ta ya ajiye a gidan uwarsa, shi kuma ya koma teku. Ina da mako uku a duniya aka ce ta taɓu. Ba ta ci, ba ta barci, sai ta tsaya a kaina tana lalube jikina tana cewa akwai wani abu a cikin yarinyar nan. Aka ɗauke ta zuwa asibitin masu taɓin hankali. Ta dawo bayan shekara biyu ba ta ko ɗaga kai, ciwon huhu ya ɗauke ta ina 'yar shekara huɗu. Kakata Aslaug ce ta raine ni.

Da zan fita, na tsaya a teburin karɓar baƙi na sashen hoto in amshi takardar ranar dawowa. Mariell ce a wurin. 'Yar tsibirinmu ce, kuma ita ce budurwar saurayina Eskil kafin ni.

"Sannu, amarya," ta ce, idonta a kan kwamfuta. "Ikon Allah... Ki dai kula da kanki."

Murmushinta ya bi ni har bakin teku.

Ƙarfe biyu na rana jirgin fito ya tashi, duhu ya riga ya rufe. A nan can ƙarshen arewacin duniya rana ba ta fitowa sam a tsakiyar hunturu, tun ƙarshen Nuwamba rabonmu da ita. Ina zaune a kusurwar da na saba, sai na ji ƙamshin kofi haɗe da na baƙin mai.

"Malama! An gama yi miki jarrabawa? Kin ci ko kin faɗi?"

Eskil ne, bakaniken jirgin, wanda saura mako bakwai mu yi aure. Ya ajiye kofin, ya juya mini mariƙinsa ta yadda zan zura yatsu huɗu. Bai taɓa mantawa ba.

"Sun ga allura a ƙirjina."

"Shi ya sa! Na daɗe ina mamakin inda maganarki ke samo tsini."

Ya dubi fuskata, sai dariyar ta tsaya masa. Ya zauna. Na gaya masa komai, har tambayar likita.

"Uwata ce, Eskil. Wa kuma?"

"Ke kika gani?"

"Ka san Kaka. Shekara nawa tana ƙirga alluranta tana cewa ɗaya ta ɓata? Ga inda ta shiga. Uwata ta ɗauka, ta..."

"Sunniva, masoyiyata, dube ni. Ko bokitin ƙusoshi aka gani a cikinki, ranar da rana ta dawo zan aure ki. Na riga na sayi takalmi, kuma ba a karɓar su in an mayar."

Na sa kaina a kafaɗarsa. Jirgin yana lilo, ni kuwa a karon farko a rayuwata ina jin bugun zuciyata kamar wani ke ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Kwana uku bayan haka, an tashi makaranta ina gyara kujeru, Gunvor ta shigo ajin. Mahaifiyar Eskil ce. Shekara talatin tana aikin jinya a tsibirin kafin ta yi ritaya, babu gidan da ba ta san sirrinsa ba. Ba ta cire rigar sanyinta ba.

"Zauna, Sunniva. Ba faɗa na zo yi ba."

Na zauna a kan kujerar yara.

"Na ji abin da aka gani."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wannan ba ne abin tambaya."

"Mariell ce."

Ba ta musa ba. Ta dubi zanen kifayen da ke manne a bango, sannan ta dube ni.

"Ni na sa hannu a takardar da aka ɗauke uwarki. Shekara ashirin da takwas ina tambayar kaina ko na yi daidai. Na same ta tsaye a kanki tana cewa akwai wani abu a cikinki. Yanzu na gane. Ta sani ne domin ita ta sa."

"Gunvor..."

"Bar ni in gama. Ciwon hannun nan naki na haƙura da shi. Na ce ɗana mai ƙarfi ne, zai buɗe miki kwalba har ku tsufa. Amma wannan taɓin hankalin na bayan haihuwa yana bin jini, na gani da idona. Eskil yana kan ruwa tun asuba har yamma. Ranar da kika haihu, wa zai tsaya tsakaninki da jikana?"

Da zagi ta yi da na rama. Amma abin da ta faɗa shi ne abin da nake faɗa wa kaina tun a asibiti.

Zoben alkawarinmu bai taɓa wuce gaɓar yatsana ba saboda kumburi, don haka a sarƙa nake rataye shi a wuya. Na yi ta fama da maɓallin sarƙar, yatsuna suka ƙi. Gunvor ta tsaya tana kallo, har dai ta kasa jurewa ta zagayo ta kwance mini da kanta.

"Ki kai masa," na ce.

Mako guda na yi ban ɗauki wayarsa ba. Ina zuwa aji, ina dawowa, ina kunna fitilar taga kamar kowa. Da tsakar rana, lokacin da sama ke yin shuɗi na ɗan lokaci, sai in tsaya gaban madubi ina neman fuskar uwata a cikin tawa. Na daina ɗaukar jaririyar maƙwabciyata. Na kwashe almakashi da wuƙaƙe na kai ɗakin ajiya, ban san dalili ba. In na sunkuya, sai in ji kamar abin yana motsi, ko da yake likita ta ce ba zai yiwu in ji ba.

Ranar Lahadi da hantsi aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"Malama! Buɗe, ko in cire ƙofar nan da sukurunta! Kin san zan iya!"

Na buɗe. Dusar ƙanƙara ta cika masa gemu. Sarƙar tana naɗe a hannunsa.

"Wannan mene ne? Uwata kika yi wa alkawari ko ni?"

"Eskil, don Allah..."

"Na je wurin Mariell. Kin san me ta ce? Wai taimakona ta yi! Na ce ta riƙe taimakonta ta dafa shi da dankali."

"Ba ƙarya ta yi ba. Allurar tana nan."

"Allura tana nan. Wa ya ga hannun da ya sa ta? Ke malama ce, in ɗalibi ya kawo miki amsa bai nuna yadda ya yi lissafin ba, kina ba shi maki?"

Na kauce masa ya shigo.

"Mutum uku ne a gidan nan lokacin. Ɗaya jaririya, ɗaya tana kabari. Saura wa?"

"Kaka ba ta ma san sunana ba yanzu."

"Ba ta san abin da ta ci da safe ba, amma ta san sunan tunkiyar ubanta. Sa takalminki, zuciyata. In kin ji daga bakinta cewa uwarki ce, zan bar ki ki yi kukanki, sannan in aure ki duk da haka."

Ya durƙusa ya ɗaure mini igiyar takalmin da kansa.

Gidan kula da tsofaffi yana bayan coci. Ranar Lahadi matan gari kan zo su raba kofi da wainar fulawa, Gunvor ce shugabarsu. Na hango ta a ɗakin girki, ita ma ta gan mu, ta kau da kai.

Kaka Aslaug tana zaune bakin taga, shekarunta casa'in da ɗaya. A cinyarta akwai ɗan littafin ulu ja da take soke alluranta a ciki, gadon uwarta. Ma'aikatan sun yi sun yi su raba ta da shi, suka gaji suka bar mata.

"...tara, goma, goma sha ɗaya." Yatsanta ya tsaya a kan gurbin da babu komai. "Goma sha ɗaya."

Ta koma farko.

Tun ina yarinya nake jin wannan ƙirgar. Kaka ba ta taɓa dukana ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Tsokar kifi mafi kyau ni take ba, bargo mafi kauri nawa ne. Amma ba ta taɓa sumbatata ba, ko sau ɗaya. Wani lokaci ina cin abinci sai in ɗaga kai in ga tana kallona kamar baƙuwar da ba a san ranar tafiyarta ba.

Na jawo kujera kusa da ita.

"Kaka, ina wuni?"

"Sabuwar ma'aikaciya ce? Hannunki da sanyi."

"Kaka, ta goma sha biyun... wa ya ɗauka?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi taga. Ta yi ƙasa da murya.

"Su."

"Su wa?"

"Kai, yaran zamani! Mutanen ɓoye mana. Na ƙarƙashin tudu."

Eskil ya dafa kafaɗata. Ban motsa ba.

"Yaya aka yi suka ɗauka?"

"Yarinyar ba a yi mata baftisma ba. Guguwa ta hana fasto tsallakowa mako uku cur. Jaririn da ba shi da baftisma ai ba a barinsa babu ƙarfe a jikinsa, kowa ya san wannan. In babu ƙarfe sai su zo su ɗauke naka su ajiye nasu. Na gaya wa matar ɗana Leif, ta yi mini dariya. 'Yar kudu! Ta ce ba za a sa wa 'yarta tsini a gado ba." Kaka ta shafa jan ulun. "To, sai na jira ta shiga wanka. Na soke ta a cikin zanen naɗin, ta baya, can ƙasan ninki, inda ba za ta gani ba."

Na ƙara matsowa kusa da ita.

"Ke... kika sa?"

"Wa zai sa in ba ni ba? Washegari na duba, babu allura. Na kakkaɓe zanen, na zazzage katifa, na share ɗakin da tafin hannuna. Babu. Daga ranar yarinyar ta fara wani irin kuka, ba irin na 'yan Adam ba. Sai na san sun zo. Sun fi ƙarfin ƙarfen. Sun ɗauke shi, sun ɗauke tamu, sun bar tasu."

Wani abu ya faɗi a bayanmu ya tarwatse. Gunvor ce tsaye a bakin ƙofa, farantin kofuna yana karkace a hannunta, kofi yana bin ƙasa.

"Aslaug!" Ta tako cikin ɗakin. "Kina nan lokacin da na zo da takarda. Kina tsaye! Me ya sa ba ki yi magana ba?"

Kaka ta dube ta ba tare da mamaki ba.

"In ce me? In ce mutanen ɓoye? Da kin haɗa mu biyu a jirgi ɗaya. To wa zai raini 'yar mutane? Ai in ka wulaƙanta tasu, su ma sai su wulaƙanta taka a can. Ni ban taɓa bari ta kwana da yunwa ba. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Suna gani." Ta sunkuyo wurina kamar mai ba da sirri. "Da ta girma gaɓoɓinta suka fara ƙagewa. Jikinsu ba ya jure duniyarmu. Amma yarinyar kirki ce, wallahi. Wani lokaci har nakan manta ba tamu ba ce."

Na rufe bakina da hannu. Hawaye suna bin tsakanin yatsuna.

Gunvor ta zame ta zauna a bakin gadon.

"Ta ce in taɓa," ta faɗa, ba da kowa take ba. "Randi. Ta kama hannuna ta ce, 'Gunvor, taɓa nan, ƙarƙashin kafaɗarta, akwai wani abu mai tauri.' Na janye hannuna. Na ce mata ta gaji ne. Na riga na ji surutan da ake yi a gari, na zo da hukuncina a jaka... Ban taɓa ba, Eskil. Ban ko taɓa ba!"

"Mama..."

"Lafiyarta lau! Ita kaɗai ce mai hankali a cikinmu!"

Na ciro wayata, na nemo hoton da Dokta Moen ta tura mini, na kai shi gaban Kaka.

"Kaka, dubi. Ga allurarki. Ba su ɗauka ba, a jikina ta shige. Ni ce Sunniva. Ni ce taku!"

Ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo.

"Dusar ƙanƙara ce wannan? Ku rufe taga, ana sanyi."

Ta koma kan littafinta.

"Ɗaya, biyu, uku..."

Da muka fito, shuɗin tsakar rana ya fara dushewa. Gunvor ta ce mu biyo ta. Ta shiga maƙabartar coci, ta bi ta cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, kai tsaye zuwa kabarin uwata, ba ta ko yi lalube ba. A gindin dutsen akwai fitilar kyandir da ta mutu. Duk hunturu nakan tarar da irinta a wurin, ban taɓa sanin mai ajiyewa ba.

Ta durƙusa ta kunna sabuwa. Ashana uku ta karya kafin ta kama.

"Randi, kin yi gaskiya," ta ce. "Akwai wani abu a cikin yarinyar. Na makara da shekara ashirin da takwas, amma na zo in faɗa miki."

Sannan ta miƙe, ta miƙa wa ɗanta hannu.

"Kawo sarƙar nan."

"Mama, ni ya kamata in..."

"Rufe mini baki. Ni na kwance, ni zan ɗaura."

Ta zagayo bayana. Yatsunta masu sanyi suka taɓa wuyana. Da ta gama ɗaurawa ba ta janye hannun ba. Ta gangaro da shi a hankali zuwa ƙarƙashin kafaɗata ta hagu, ta bar shi a wurin.

"Ki yafe mini, 'yata. In ba za ki iya yau ba, zan jira."

"Na yafe," na ce. "Saura uwata."

Wutar kyandir ɗin ta miƙe tsaye, duk da iskar da ke kaɗawa daga teku.

Bayan Kirsimeti aka sake ɗaukar wani hoton, irin wanda ba ya jan ƙarfe. Likitocin zuciya suka zauna a kansa, suka ce a bar allurar inda take. Jikina ya riga ya gina mata ɗaki ya rufe, fitar da ita ya fi barinta haɗari. Za a riƙa dubawa duk shekara, kuma ba ni ba ɗakin mayen ƙarfe har abada. Aka ba ni ɗan kati in riƙa yawo da shi. Sabon maganin ya karɓe ni, har na fara ɓalle maɓallin rigata da kaina.

Ni ban kai ƙarar Mariell ba. Gunvor ce ta rubuta wa asibitin, ta faɗi abin da aka gaya mata da wanda ya gaya mata, ta kuma rubuta cewa ita ma da laifinta tunda ta saurara. Aka ɗauke Mariell daga sashen. Mun haɗu sau ɗaya a jirgin fito, ta sunkuyar da kai, na yi mata sallama. Ban ga amfanin ƙari ba.

Game da Kaka kuwa, na yi ta neman fushi a zuciyata ban samu mai yawa ba. Tsoro ne ya sa ta soke allurar, tsoro ne ya rufe mata baki. Shekara ashirin da takwas tana ciyar da 'yar da take zaton ta aljanu ce, domin a tausaya wa jikarta a wani wurin da babu shi.

Ranar da rana ta dawo aka ɗaura aurenmu.

Cocin ya cika. An turo Kaka a keken guragu an ajiye ta a gaba, kusa da bencin da Gunvor ke zaune, jan littafinta a cinya. Eskil yana tsaye cikin sababbin takalmansa yana ɗingishi.

"Sun matse ni, Malama," ya raɗa mini. "Ki ce 'na yarda' da sauri."

"Ka jure, mai baƙin mai. Ni shekara shida nake jurewa."

Fasto ya gama, aka sa albarka. Ana cikin waƙar ƙarshe, ƙarfe goma sha biyu saura kaɗan, sai gefen rana ya leƙo ta tsakanin duwatsu biyu na kudu. Haske ya shigo ta dogayen tagogi, ja kamar garwashi, ya kwanta a kan benci na gaba. Waƙar ta yi rauni, kowa ya juya yana kallo.

A cikin wannan shirun na ji muryarta.

"...tara, goma, goma sha ɗaya."

Yatsanta ya tsaya a kan gurbin.

Na saki hannun mijina. Na je gabanta na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, ban damu ba. Ban nuna mata hoto ba, ban yi mata bayani ba. Na ɗauki yatsan nan nata daga kan ulun, na ɗora shi a ƙirjina ta hagu, na danna.

"Ci gaba, Kaka. Ba ki gama ba."

Zuciyata tana bugawa a ƙarƙashin yatsanta. Leɓɓanta suna motsi.

"Goma sha... biyu."

Ta ɗago kai. Hasken yana cikin idonta, kuma a karon farko ba kallon baƙuwa take yi mini ba.

"Sunniva?"

"Na'am, Kaka."

"Ƙarfen yana jikinki?"

"Bai taɓa barina ba."

"To ai... ba su iya taɓa ki ba ke nan." Ta matso da fuskarta. "Ashe ba ki je ko'ina ba. Ashe ke ce, 'yar nan... duk shekarun nan ke ce!"

Ta kama fuskata da hannu biyu, ta jawo ni, ta sumbaci goshina. Leɓɓanta busassu ne kamar takarda. Na ji Eskil yana jan hanci a bayana.

Sai Kaka ta dubi bayan kafaɗata, can ƙarshen cocin. Fuskarta ta canja, kamar ta mai jin kunya.

"Randi," ta ce da ƙarfi, har kowa ya ji. "Me kike yi a waje cikin sanyi? Shigo mana. Ga 'yarki, na same ta."

Babu wanda ya yi motsi.

Babbar ƙofar cocin, wadda ni da idona na ga an rufe, ta yi ƙara ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Iska mai sanyi ta biyo tsakiyar benci, ta kaɗa gefen mayafina, ta tsaya.

Eskil ya ce daga baya ƙugiyar ƙofar ce ta saki, ya ma gyara ta da kansa. Wataƙila haka ne.

Abin da na gani dai shi ne, ba wanda ya tashi ya rufe ta. Gunvor kuwa ta ɗauke jakarta daga kan benci, ta matsa gefe, ta bar wurin zaman mutum ɗaya.